Akuyar Tarauni

Ranar addu'ar arba'in ta Yaya Tasalla, Allah ya jiƙanta, ina zaune a tsakar gidanta na Tarauni mata suna ta shigowa, sai na jiyo muryar yayanku daga zaure yana hira da abokansa. Cewa yake wadda aka binne ita ce uwarsa, ita kuwa Inna ta Gyaɗi-Gyaɗi, wato ni ke nan, akuya ta fi shi daraja a wurinta, don tun yana yaro in ta zo gidan nan akuya take zuwa dubawa, shi ko kallo bai ishe ta ba. Ya ƙara da cewa da an bar shi ya tashi a gidan Alhaji mai tifa kamar yadda babansa ya so, da yanzu wani labarin ake yi. Suka yi 'yar dariya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuskata, matan da ke kusa suka ɗauka kukan mamaciya nake yi, har wata tana bubbuga min baya. Maganar nan ta yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har da jika, yana yawo da wannan a ransa. To Yaya ta tafi, babanku ya daɗe da tafiya, ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi, shi ya sa zan faɗa muku tun daga tushe.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu ba ku sani ba. Ku da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai, kuna kiran sunansa gatsau har da su sumba, a zamaninmu da an ce kun haukace. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. In lokacin yaye ya yi, a shafa wa nono maɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan wani babba a dangi, kuma sau da yawa can zai tashi. Inda za a kai shi maganar maza ce da tsofaffi. Uwar da ta buɗe baki ta ce ga inda take so, an dinga nuna ta da baki ke nan har ta tsufa.

Mun zo Kano shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, shekarar da ruwa ya ɗauke gero ya bushe a tsaye a ƙauyenmu. Babanku ya samu tuƙin tifa a wurin wani Alhaji, yana kwaso yashi daga Calawa, don a lokacin duk inda ka waiga a Kano gini ake yi. Muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan katangarmu gonaki ne har ka hango Tarauni. Abin da na zo da shi bai wuce yayanku a baya ba, da kwanukana, da awaki biyu da mahaifiyata ta ba ni, ɗaya ja ɗaya baƙa.

Matar Alhaji, Hajiya Dije, Allah bai ba ta haihuwa ba. Gidansu yana bakin titi, da famfo da lantarki da ƙofar ƙarfe. Wata rana sai ga ta a mota har gidan hayarmu, wai ta zo ganin matar direbansu. Mace ce fara mai fara'a, ƙamshin turarenta kan riga ta shiga gida. Daga ranar kaya suka fara zuwa, riguna, sabulu, madarar gwangwani, har da takalmi ga yaron da ko tafiya bai fara ba. Ba ta kiransa da komai sai ɗana. Matan gidanmu suka ce na tako arziki, wasu har suna min ba'a wai in dinga tunawa da su in na zama 'yar'uwar masu famfo.

Ni dai tun zuwan farko hankalina bai kwanta ba, kuma da za ku tsare ni a lokacin ku ce in faɗi dalili, da kunya zan ji. Ƙananan abubuwa ne. In ta ɗauke shi, idonta ba ya kansa, yana kan matan da ke kallonta. In muna mu biyu a ɗaki sai ta ajiye shi a tabarma ta shiga gyara ɗaurin ɗankwali, da ta ji takun mutum sai ta sure shi. Ta tambaye ni girman ƙafarsa da faɗin kafaɗarsa, amma ba ta taɓa tambayata me yake ci ba, ko me yake sa shi kuka. Ran nan ya tsula mata fitsari a kan leshi, ta yi dariya a gaban mata ta ce albarka ce, amma hannun da ta miƙo min shi da shi ya yi tauri, kuma ba ta sake taɓa shi ba har ta tafi. Nakan zauna in yi wa kaina faɗa, in ce Hauwa, son kai ne ke damunki, mace ta so ɗanki don Allah kina ƙirga mata numfashi. Sai in yi istigfari. Washegari in ta zo, idona ya koma inda yake.

Wata rana bayan la'asar babanku yana cin abinci, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Alhaji ya yi min magana a kan yaron nan. In an yaye shi gidansa za a kai shi, zai sa shi a boko. Na amsa masa."

Na ce, "To."

Abin da uwar ɗan fari ke da ikon faɗa ke nan. Na ɗauki kwano na fita wanke-wanke, na wanke kwano ɗaya har ya kusa hujewa.

Sai kuma Yaya Tasalla, wadda kuka tashi kuna kira Gwaggo. Yayar babanku ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a Tarauni tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ku kun san ta da tsufa, bakin ya ɗan yi sanyi. A lokacin kuwa, wayyo! Ba ta kirana da komai sai 'yar ƙauye, kamar ita a Makka aka haife ta. Ta ce miyata ruwa ce, ta ce goyona a karkace yake, ta ce ƙanenta ya rame tun da ya aure ni. Ko tsinke ba ta taɓa kawo wa yaron ba. In ta zo sai ta juya shi kamar mai sayen kaza, ta duba bayan kunnensa da tsakanin yatsunsa, ta ce ban iya wanka ba. Da a lokacin za a ce in nuna wadda na fi ƙi a duk Kano, ba zan yi dogon tunani ba.

Ana haka mai gidan hayarmu ya ce zai ƙara ɗakuna a inda nake ɗaure awaki, in san inda zan kai su. Hajiya na ji ta ce haba, a kawo su gidanta duka biyun, ga fili ga dusa ga ruwan famfo, me za su nema su rasa. A nan ne wata maganar mahaifiyata ta faɗo min. Takan ce in za ka ba mutum amanar mai rai, fara ba shi wanda ba shi da bakin kai ƙara. Sai na yi wa Hajiya godiya, na ce a kai mata jar, baƙar kuwa a kai wa Yaya don kada ta ce an raina ta. Babanku ya ga na yi hankali. Da aka kai wa Yaya tata, sai da maƙwabta suka leƙo. Ta ce ita aka mayar makiyayiya, dusar uban wa akuya za ta ci a shekarar da mutane ma ba su ƙoshi ba. Ta gama faɗanta tsaf, sannan ta fizge igiyar ta shige gida.

Watanni suka shuɗe. Duk zuwan Hajiya sai na tambayi akuya, sai ta ce ta yi ɓul-ɓul, in na gan ta ba zan gane ta ba, da hannunta take ba ta dusa. Yaya kuwa duk haɗuwarmu ƙara ce. Akuyata ta cinye mata gefen zane a kan igiyar shanya, akuyata ta tsoma baki a tunkuza, akuyata ta hana ta sakat da kuka, in ban zo na ɗauka ba mahauta za ta kira. Babanku yakan dube ni ya ce kin dai ga bambanci da idonki. Ni kuwa bambancin da nake gani daban ne. Na tashi a cikin awaki, na san babu mai kiwon da ba ya ƙorafi. Akuyar da ba ta taɓa yin ɓarna ba, ba ta taɓa zawo ba, ba ta taɓa tsinke igiya ba, to babu mai kallonta ne. Rannan kuma Hajiya tana cikin yabon akuyar sai ta ce min baƙin gashin nan nata har sheƙi yake yi. Na ce Allah sarki, na gode. Jar ce a gidanta.

Saura 'yan kwanaki a yi yaye na nemi izinin babanku zan kai yaro asibiti a duba min shi. Na je kuwa, don kada in yi masa ƙarya, amma a dawowa sai na biya gidan Alhaji da rana tsaka ba tare da na aika ba. Ban bi ta ƙofar ƙarfe ba, na zagaya ta ƙaramar ƙofar baya inda ake shigar da itace. A nan na same ta, a bayan ɗakin girki, a kwance a rana. Da farko ban gane ta ba, a wannan kam Hajiya ta yi gaskiya. Ƙasusuwan haƙarƙarinta duk a waje, igiya ta ci wuyanta har ƙuda na bi, ta cinye bawon itacen da aka ɗaure ta a jiki iya inda bakinta ya kai. Kwanon ruwanta a kife, busasshe ƙayau. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne famfon. Ga shi nan kusa da ita yana ɗiga, ƙasa ta jiƙe a gindinsa, igiyar ce ba ta kai ba. Ta yi ta ja har ta haƙa rami da ƙafafunta.

Ina durƙushe ina tara mata ruwa sai ga Hajiya ta fito. Na ɗago na dube ta, don ina so in ga inda idonta zai fara sauka. Bai sauka kan akuyar ba. A kaina ya sauka, kuma fuskar da na gani ban taɓa ganinta ba.

"Wa ya buɗe miki ƙofar baya?"

Abin da ta fara faɗa ke nan. Kafin in amsa ta tattaro fara'arta ta mayar, ta ce ai masu aiki ne ba su da kirki, jiya-jiya akuyar nan lafiyarta ƙalau, zafin bana ne ba ya barin dabba. Tana magana akuyar tana shan ruwa kamar za ta haɗiye kwanon, ko sau ɗaya ba ta waiga ba. Sannan ta miƙo hannu ta ce in sauko mata da ɗanta. Na ƙara tamke majanyina na ce barci yake yi. Idonsa biyu, yana leƙenta ta kafaɗata, ita ma ta gani. Na kwance akuyata na ce zan kai ta kasuwa ne, na fita ta inda na shigo.

Ban nufi gida ba. Na bi ta cikin gonaki na nufi Tarauni, goyo a baya, akuya tana tafiya tana durƙushewa, in jira ta ta tashi. Na tarar da Yaya a gaban kasko tana suya. Baƙar akuyar tana kwance a inuwar rumfarta, inda ita kanta take zama, ta yi ƙiba har da ɗa a gefenta, an ɗaure mata tsumma a ƙafar da ta ji ciwo. Yaya ta buɗe baki za ta fara min, sai idonta ya kai kan jar. Ta yi salati. Ta bar ƙulin a cikin mai, abin da za ta sayar ta ci a ranar, ta taso ta durƙusa tana duba wuyan. Ta ɗebo man gyaɗa ta shafa, ta dama dusa da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, tana ba ta kaɗan-kaɗan don kada cikinta ya ɓaci. Duk wannan tana zagina, wai ni wace irin sakarya ce da zan bar dabba ta kai haka, wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aiki. Ƙuli ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gidan, ba ta ko juya ba. Ina tsaye ina kallon hannunta. A nan na yi abin da uwar ɗan fari ba ta yi.

"Yaya, Juma'ar nan za a yaye yaron nan. Gidan da na kwanto akuyar nan za a kai shi."

Ta tsaya da hannu a cikin dusa, ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar ƙauye, a kan ɗan fari kike min magana? Ina kunyarki?"

"Yau ba ni da ita, Yaya."

"To ki ji da kyau. In na ɗauke shi ba zai dawo ɗakinki ba, don in ya dawo an gane da bakinki a ciki. Kuma ni ba ni da famfo, ba ni da mota. Abin da na ci shi zai ci."

Na ce na sani.

Ranar Alhamis da hantsi ta zo. Babanku bai fita ba, yana shirin abin da za a kai gidan Alhaji. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta ɗauki yayanku daga tabarma ta saɓa a baya, ta dubi ƙanenta ta ce yaro da gwaggonsa a raye za a kai shi gidan bare, sai dai bayan ranta, in Alhaji yana da magana ya same ta a Tarauni. Babanku ya yi ta Yaya ki tsaya, Yaya ki saurara, amma wa zai ja da bayan da ya goya shi? Ni ina bakin murhu na ba su baya ina hura wutar da ta riga ta kama. Ina jin kukansa har suka sha kwana, ban waiga ba, don matan gida duk suna tsaye.

Abin bai tafi a banza ba. Wata bai cika ba Alhaji ya karɓe makullin tifa. Babanku da yake zaune a gaban mota ya koma lodin yashi da shebur a motocin wasu, hannunsa duk ya farfashe. Shi ba yaro ba ne, ya ji labarin an ga matarsa tana jan akuya a hanyar Tarauni, ya haɗa ya gane. Bai dake ni ba, bai sake ni ba, magana kawai ya ɗauke min, muna ɗaki ɗaya kamar baƙi a tasha. Sau ɗaya ya tanka, ya ce na zaɓi akuya a kan arzikin ɗana. Mun ci ɗanwake ba mai a shekarar nan har ya fita daga raina, matan da suka ce na tako arziki suka koma cewa farar ƙafa gare ni. Ga nono ya cika yana min zogi, ga ɗaki ba motsin yaro. Akwai ranakun da na zauna na tambayi kaina ko na cuce shi ne, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Hajiya ba ta sake taka gidanmu ba. Ta riga mu gidan gaskiya, ba zan ɗora mata abin da ban gani ba. Wataƙila da ta riƙe shi da kyau, wataƙila da yanzu yana da gidan sama. Allah kaɗai ya san wannan. Ni abin da na gani shi ne igiya da famfo, da inda idonta ya fara sauka, da kuma mace mai baƙin baki da ta bar abincinta ya ƙone saboda dabbar da ba tata ba. Da wannan na yi hukunci, kuma ko yau aka mayar da ni bayan ɗakin girkin nan abin da zan yi ke nan.

Saura maganar duba akuya, kuma wannan da kai nake, kai da ka faɗa a zaure. Uwa ba ta cewa za ta je ganin ɗanta na fari, ko mijinta ba za ta iya faɗa wa ba. Sai in ce zan je Tarauni duba akuya. Turken yana gefen rumfa, in na durƙusa a wurin ina shafa bayanta, ta gefen ido ina ganin duk tsakar gidan. Daga nan na ga ranar da aka yi maka aski ka yi ta ihu, na ga allonka na farko, na ga tabon da ke gwiwarka tun yana ɗanye. Ita kuma Yaya da ta gan ni sai ta ɗaga murya ta hau ka da faɗa, ka ƙi shan koko jiya, ka yi zazzaɓi shekaranjiya ka hana ta sakat, ka yaga wandon Sallah. Kai kana jin haushi wai tana tona ka a gaban baƙuwa. Ni take ba labari.

Awakina kuwa, jar ba ta ga damina ba, baƙar da ɗanta na sayar da su kana ɗan shekara huɗu, lokacin da babanku ya kwanta ciwo. Duk akuyar da ka tashi ka gani a turken nan, har ka yi aure ka bar gidan, Yaya ce take saye da ribar ƙulinta ta ɗaure, tana zaginta tana ba ta dusa, don kada in rasa dalilin zuwa. Ba ta taɓa faɗa min ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya ba, sai dai in na zo ta ce min ga tsiyarki can, je ki duba.

Yanzu turken ba komai, wadda take ɗaurewa ta tafi, ni ma ƙafa ta fara ƙi. Ba ni da sauran akuyar da zan fake da ita. Bakina bai taɓa kiran sunanka ba tun ranar da liman ya raɗa maka shi, to ga shi yau, duk wanda zai ce tsohuwa ta zubar da kunya ya faɗa. Haruna, kai nake zuwa gani.